Ranar da Na Taka Feda a Filin Kumbiya-Kumbiya

Satin da ya wuce wata yarinya mai suna Godiya ta shigo shagona a Herwagana, jita rataye a bayanta, ta miƙo mini waya.

"Baba Bitrus, irin wannan sautin nake so."

Na saurara. Jita ce ake kaɗawa a hankali, muryarta a dushe, tana 'yar rawa kamar kaset ɗin da aka manta a gaban mota rana ta dake shi, ga wani shuu yana bin ta a ƙarƙashi.

"Wannan ai lalacewa ce," na ce. "Kawo rediyon in gyara."

"Haba Baba! Lofai ke nan, salon kiɗan da ake yayi. Haka ake son shi."

Na san abin da take nufi, tsokanarta kawai nake yi. Ba ita ce ta farko ba. Ku 'yan yanzu kuna zuwa da waya a hannu, kun kalli wani a ɗakinsa ya jera feda kamar tumatir a faifai, yana taka wannan yana murɗa wancan, sai ku ɗauka da an sayo an jona, shi ke nan. To tunda kun matsa in faɗa muku yadda sana'ar take, ku gyara zama. Feda dai ita ce 'yar akwatin nan da mai jita ke ajiyewa a ƙasa tsakanin jitarsa da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, ya taka da ƙafa sauti ya canza. Ni gyara su nake yi, in zaɓa wa mutum wadda ta dace da shi, wani lokacin in haɗa da hannuna.

Da Godiya ban fara buɗe kwabar feda ba. Jitar na karɓa, na murɗe abin rage kaifin sauti da ke jikinta har kusan ƙarshe, na hana ta canza tsofaffin tsirkiyoyin da take shirin zubarwa, na ce ta ajiye 'yar robar kaɗawa ta yi da tsokar yatsa. Tana kaɗawa ta ɗago kai ta dube ni. Rabin abin da ta zo nema yana jikin jitarta tun daga gida. Sai bayan nan na ciro mata feda guda ɗaya, mai sa sauti rawa, na rage saurin rawar ƙwarai yadda sai ka nutsu za ka ji ta. In ka cika mata hannu, jita takan koma kamar mashayi yana waƙa. Na ce ta je da wannan ta zauna da ita har ta san halinta. In ta dawo, ta biyu ita ce eko, mai maimaita abin da ka kaɗa, kuma tsohuwa za mu nema, irin wadda kowane maimaici yake fitowa da dushewa fiye da na gabansa. Sabuwa mai tsabta ba ta yi wa wannan kiɗan amfani. Ta ƙarshe ita ce mai sa ka ji kamar a cikin babban ɗaki ake kiɗan. Ita a ƙarshen layi take zama, dab da amfilifaya. Ka sa ta a gaba, komai ya cakuɗe ya zama kunu.

Ta tambaye ni shuu ɗin fa, wace feda ke ba da shi. Na ce a Gombe ba a sayen shuu. Janareta zai ba ki kyauta, har da gurnani a kai. Aikinmu a nan shi ne raba ƙarar da kake so da wadda ta zo da kanta. Shi ya sa in za ku ɗauki sauti nake cewa ku cire adafta ku sa batir. Adafta kuwa, wadda ta kashe feda a garin nan ta fi wadda ruwa ya kashe yawa. Bakinta ɗaya da ta rediyo, amma wutar a juye take shiga. Ka jona wadda ba tata ba, za ka ji ɗan ƙauri, shi ke nan, sai ka kawo mini gawa. In kuma 'yar gwanjo za ku saya, ku buɗe gidan batir ku duba ko ya taɓa zubar da ruwa ya ci ƙarfen, ku murɗa kowane abin murɗawa ku ji ko yana ƙaiƙayi, ku taka makunnin ku sake takawa. Mai kaya in ya hana ku buɗewa, ku yi masa sallama.

Ni ba da feda na fara ba. Da na zo daga wajen Kaltungo ina saurayi, kawuna ya kai ni wurin Malam Sabi'u, wani Bakatsine mai gyaran rediyo kusa da tsohuwar kasuwa. Jita a coci na koye ta, amma hannu a wurinsa na samu. Aikin farko da ya ba ni shi ne liƙa waya da dalma a jikin wani mataccen allon rediyo. In na liƙa, sai ya zo ya kama wayar da filaya ya fizga. Ta fita, in sake. In ba wuta, a gawayi muke gasa ƙarfen dalma, yana huci kana sauri kafin ya huce. Na daɗe a kan wannan allon har na fara tunanin mutumin nan ba ya son koya mini komai.

Wata rana na gaji na ce, "Malam, ai ta kama."

Ya ɗauki allon ya sake shi a kan siminti. Wayoyi biyu suka yi tsalle.

"A tebur ta kama," ya ce. "Kayan mutane ba a tebur suke zama ba. Faɗuwa suke yi."

Kayan aikinsa ba su da yawa: ƙarfen dalma, mita mai allura, sukudireba da ya wasa bakinta da kansa, tsohon buroshin haƙori, da gwangwanayen madara cike da 'yan ƙananan kayan da ya ciro daga matattun rediyo. Ba ya zubar da komai. Daga wurinsa na ɗauki wannan halin. Da masu kiɗan coci da na biki suka gane ina jin jita, sai suka riƙa kawo mini amfilifaya da feda, har na buɗe nawa shagon.

Shekarar da ta fi kowacce muni ita ce lokacin da bama-bamai ke tashi a tashoshin mota da wuraren taro. Wasunku kuna firamare a lokacin. Coci-coci suka rage taro, aka hana shiga da jaka, masallatai suka sa masu bincike a ƙofa. Biki kuwa a gaggauce ake yi, kafin magariba kowa ya watse. Masu kiɗa suka rataye jita, wasu suka koma gona, wasu acaɓa. 'Yan kasuwar da ke kawo mana feda daga Kano da Jos suka daina, don ba mai son a tsayar da shi a hanya da kwali cike da ƙananan akwatuna masu wayoyi. Sai in buɗe shago in rufe ba wanda ya leƙo sai mai gyaran tocila.

A cikin wannan halin Dauda ya zo. Mai jita ne a wata 'yar ƙungiyar kiɗan biki, ya girme ku amma ni ƙanena ne a shekaru. Eko yake so, mai dushewa irin na kaset ɗin da babansa ke saurare. Na ce babu a kasuwa. Ya ce in yi dabara. Akwai wata matacciyar na'urar waƙa a ƙarƙashin teburina, irin wadda ake jona wa makirufo a yi waƙa a gida. Na ciro ɗan abin da ke ba ta eko, na haɗa masa 'yan uwansa a kan ƙaramin allo, na sa makunnin takawa da 'yar jar fitila. Akwatin da zan saka shi ne babu, sai na huda gwangwanin biskit na ƙarfe na zaunar da shi a ciki, na naɗe batir da baƙin salatif don kada ya yi ta yawo. Sautin ya fito yadda yake so, har ya fi.

Ran wata Asabar ya kira ni. Suna da biki a Kumbiya-Kumbiya, yana so ya fara amfani da fedar a ranar, shi kuma ya riga ya tafi da kayan kiɗa. Na sa gwangwanin da wayoyin jonawa a jaka, na ɗaure a bayan kekena, na kama hanya bayan la'asar.

A bakin layin da zan shiga, mutanen unguwa sun gitta benci da tsohon duro. Maza ne 'yan sintiri riƙe da gora. Ba wanda na sani a cikinsu.

"Malam, sauka. Mene ne a jakar?"

"Kayan kiɗa ne. Gidan biki zan kai."

"Buɗe."

Na buɗe. Wani dogo ya sa hannu ya ciro gwangwanin, ya jijjiga shi, ya dubi makunnin da ke samansa. Na buɗe baki zan yi bayani, ya riga ya ɓalle murfin. Abin da ya gani shi ne batir naɗe da salatif, wayoyi ja da baƙi, da koren allo.

Ya saki gwangwanin a ƙasa ya yi tsalle baya.

"Bam ne! Jama'a, bam!"

Ban taɓa ganin layi ya watse da sauri haka ba. Mata suka zubar da tire, aka fizgi yara, ƙofofi suna bugawa. Na ɗaga hannu ina cewa ba shi ba ne, sai na ji wani abu ya sauka a kunnena na hagu daga baya, kamar an rufe ƙofar ƙarfe a cikin kaina. Na tsinci kaina a ƙasa, bakina cike da yashi, gwiwar wani a gadon bayana. Suka ja ni nesa da gwangwanin. Waɗanda suka gudu suka fara dawowa, wannan karon da duwatsu. Na ji wata murya tana cewa a kawo taya, wata tana tambaya wa ke da fetur.

"Kada wanda ya ƙara taɓa shi."

Wani dattijo ne ya fito daga masallaci, siriri, yana dogara sanda. Jauro suke kiransa, shi ne mai unguwar. Ya sa aka zaunar da ni.

"Wane ne kai?"

"Bitrus, Yallaɓai. Mai gyaran kayan sauti a Herwagana."

"Mene ne wancan?"

"Na jita ne. In an taka shi, yana maimaita sauti."

"In an taka shi," wani ya maimaita daga cikin taron. "Kun ji ko? Da bakinsa ya faɗa."

Jauro ya tambayi wanda ya aiko ni. Na ce Dauda mai jita, yana gidan bikin da ke can ƙasan layi, lambarsa na cikin wayata. Ya karɓa ya kira, ya buɗe murya kowa na ji. Dauda ya ɗauka, ana jin hayaniyar biki a bayansa.

"Kai ne Dauda? Mun tsare wani Bitrus a nan da gwangwani mai batir da wayoyi. Ya ce naka ne."

Shiru. Muna jin numfashinsa. Sai layin ya katse. Jauro ya sake kira, aka ce wayar a kashe take. Ya tura mutum gidan bikin, ya dawo ya ce masu kiɗa na nan, amma mai jita ya fita ta baya.

Daga nan taron ya canza murya. Dutse ya sauka kusa da ƙafata, wani ya same ni a kafaɗa. Na ga an gangaro da taya. Jauro ya ɗaga sanda, amma na lura ba kowa ke kallonsa ba yanzu. An ce an aika a kira jami'an tsaro, sai dai ba alamar za a jira su.

Abin da ya cece ni, wani mai tallan maganin gargajiya ne da ya gudu ya bar baronsa a gefen hanya. Lasifikarsa na ta surutu ita kaɗai, tana lissafa cututtukan da maganin ke warkarwa. A kan baron akwai amfilifaya da batirin mota da makirufo.

"Yallaɓai," na ce, "ga makirufo can. A bar ni in jona. In ba murya ta fito ba, ku yi yadda kuka ga dama."

Jauro ya dubi baron. Sannan ya nuna filin ƙwallon da ke bayan gidajen.

"Kai za ka ɗauki abinka, kai za ka tura baron, har tsakiyar fili. In ya tashi, da kai kaɗai zai tashi."

Aka buɗe mini hanya. Na ɗauki gwangwanin na mayar da murfin, na ɗora shi tare da wayoyin jonawa a kan kwalaben magani, na tura. Wani maharbi ya biyo ni daga nesa da bindigar toka a saɓe, idonsa na kan bayana. Jini na bin wuyana, kunnen na ta ƙara kamar an bar rediyo tsakanin tasha biyu. Ba bindigar nake tunani ba. Gwangwanin nan ya faɗi a kan ƙasa mai tauri. Liƙi ɗaya in ya saki a ciki, ba abin da zai fito, kuma ba wanda zai tsaya jin dalili.

A tsakiyar fili na kashe tallan maganin. Na cire makirufo daga amfilifaya na jona a gwangwani, na ɗauki wayar jonawa na haɗa gwangwanin da amfilifaya. Mutane sun yi layi a bakin fili, wasu a bayan katanga, kawunansu kawai ake gani. Na ajiye shi a ƙasa na ɗaga ƙafa. Na ga mata sun toshe kunnuwa.

Na taka.

Fitilar ba ta kama ba. Na yi magana a makirufo, ba komai. Na sake takawa. Shiru.

Gunaguni ya taso daga bakin fili. Maharbin ya sauke bindiga daga kafaɗa ya gyara tsayuwa. Na san inda zan fara dubawa, amma sai na buɗe murfin na sa hannu a ciki, kuma duk wanda ke kallo daga nesa abu ɗaya zai ɗauka nake yi. Na ɗaga hannuwa sama na yi ihu cewa batir zan duba. Iska ta kwashe maganar. Na tsaya a haka, hannu a sama, ƙafa kusa da gwangwani, ban san ko in sunkuya ko in bari ba.

Sai na ga Jauro ya taho. Ana kiransa, "Baffa, dawo! Baffa!" bai waiga ba. A hankali yake tafiya da sandarsa har ya iso, ya tsaya tsakanina da maharbin.

"Me ya faru?"

"Ina jin batir ne ya fita da ya faɗi, Yallaɓai. Sai na buɗe."

"Kana da 'ya'ya?"

"Ina da su."

"Ni ma. Buɗe, ina kallo."

Na durƙusa na ɓalle murfin. Hular da ke haɗa batir da wayoyi ce ta zame. Na bi sauran wayoyin da ido ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta saki. Na mayar da hular ta shiga. Na rufe, na miƙe, na taka. Jar fitila ta kama.

Na miƙa masa makirufo. Ya juya shi a hannu, ya kai baki.

"Jama'a."

Lasifika ta amsa: jama'a, jama'a, ma'a, kowacce tana dushewa fiye da ta gabanta har ta ɓace a ƙarshen fili. Dattijon ya ɗan ja baya ya dubi gwangwanin. Ya sake kai makirufo baki.

"Kowa ya ajiye dutse ya koma gida."

Gida, gida, gida.

Ba wanda ya yi dariya. Sai na fara jin duwatsu na faɗuwa ƙasa. Mutum na farko da ya shigo filin shi ne mai maganin, yana faɗa wa ya ba ni izinin taɓa masa kaya. Jauro ya sa aka kawo ruwa na wanke wuya. Wani matashi mai faɗin kafaɗa ya turo kekena, ya sa ƙafar gaba tsakanin gwiwoyinsa ya miƙe kan keken da ya karkace, ya ba ni ba tare da ya dube ni ba. Da ya tafi Jauro ya ce shi ne ya mare ni, ƙanensa na cikin waɗanda suka rasu a bam ɗin tasha.  Na ɗaure jakata na tura keken har gida, don in na hau jiri nake ji.

A asibiti aka ce dodon kunnen ya fashe. Ciwon ya warke, ji bai dawo ba. Tun daga lokacin da kunnen dama kaɗai nake aiki. Na daina yawo da abin da na haɗa, duk mai so ya zo shago ya ɗauka da kansa, ya kuma zo da jitarsa a hannu yadda kowa zai gani.

Dauda ya daɗe bai zo ba. Sai wata safiya na ɗago kai na gan shi tsaye a bakin ƙofa, jita a bayansa, ya kasa shigowa.

"Oga, wallahi ranar nan, wayata ce..."

"Zago ta nan ɓangaren," na ce. "Wancan ba ya ji."

Ya zago. Ya dubi kunnen, ya sunkuyar da kai, bai ƙarasa maganar wayar ba. Na ciro gwangwanin daga ƙarƙashin tebur, gefensa a lotse, na jona masa, na tura shi gaban ƙafarsa. Ya zauna a benci ya ɗora jita a cinya. Ya ɗaga ƙafa ya tsayar da ita a sama da makunnin, ya kasa saukewa.

"Taka mana," na ce. "Ai na riga na gwada maka ita."